BABI NA HUƊU: KWADO DA DAGWALO A HOTUNAN MASANA'ANTUN KANO

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan matsayin hoto a jaridun Hausa tun daga kafuwar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin shekarar 1939. An kuma nuna cewa daga cikin masu taruwa gaban mai sayar da jarida akwai waɗanda ba su karanta boko, don haka hoto shi ne iyakar labarin da suke ɗauka su tafi da shi. A wannan babi za a dubi irin hotunan da ake bugawa idan an zo ba da labarin unguwannin masana'antu uku na Kano, watau Bompai da Sharaɗa da Challawa. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, hoto yana iya zama na gaskiya, ba a ƙara masa kome ba, ba a rage ba, amma duk da haka a yi magudi da shi.

Duk wanda ya bi waɗannan labarai zai ga hotuna iri biyu ne ake ta maimaitawa. Na farko hoton ƙofar masana'anta ne a garƙame da sarƙa da kwado. Na biyu kuwa hoton gurɓataccen ruwa ne mai launi yana malala cikin lambatu. Na farkon tausayi yake nema daga mai kallo, na biyun ƙyama da tsoro.

4.1 Hoton Ƙofa da Kwado

Babu musu cewa wannan hoto yana da tushe. Manyan masaƙu irin su Bagauda da Gaskiya, waɗanda a da suke ciyar da gidaje masu yawa a Kano, sun daina aiki. Saboda haka idan aka buga ƙofa mai tsatsa, ciyawa ta cinye harabar, tagogi sun farfashe, ba a yi wa kowa ƙazafi ba.

Inda gizo yake saƙa shi ne, kwado ba ya faɗin wanda ya kulle shi. Dalilan durƙushewar masana'antun Kano suna da yawa, kuma ba lokaci guda suka zo ba. Akwai shirin tayar da komaɗar tattalin arziki da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shi a 1986, wanda ya karya darajar naira, kayan gyaran injuna suka yi tsada. Akwai rashin tsayayyar wutar lantarki da tsadar baƙin mai. Akwai atamfofin ƙasar Sin da na fasa-ƙwauri da suka cika Kantin Kwari. Daga baya kuma ga rashin tsaro, musamman bayan hare-haren ranar 20 ga Janairu, 2012, waɗanda suka shafi har hedikwatar 'yan sanda da ke Bompai. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke fitowa a jikin ƙofar. Wannan ya sa edita yana iya ɗaukar hoto guda ya ɗora masa kanu uku daban-daban, yau laifin hukumar lantarki, gobe na 'yan kwastan, jibi na gwamnatin da jaridar ba ta shiri da ita, kuma a kowane karo mai kallo ya ga kamar hoton ne ya ba da shaida. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, to amma a nan ji ne ya dawo ta ƙarƙashin hoton, ya sa rigar gani.

Haka kuma akwai maganar lokaci. Masana'antar da ke aiki ita ma tana kulle ƙofarta ranar Lahadi ko ranar hutun Sallah. Wasu gine-ginen da aka daina saƙa a cikinsu an mayar da su sito na ajiye kayan da ake shigowa da su daga waje, wanda wannan shi kansa labari ne da ya fi na kwadon nauyi. Sa'an nan a waɗannan unguwanni akwai masu yin kayan roba da takalma da man girki da ba su tsaya ba. Kyamara ba ta cika juyawa wajensu ba, domin injin da ke aiki ba ya sosa zuciya.

Wani lokaci akan haɗa ƙofar da mutum, galibi dattijo, tsohon ma'aikaci, yana zaune ya yi tagumi. Tagumi a al'adar Bahaushe alama ce ta damuwa mai tsanani, har manya kan tsawata wa yaro idan ya yi shi. Idan mai ɗaukar hoto ya tarar da mutumin a haka, to ya ɗauki abin da ya gani. Idan kuwa shi ne ya ce, "Baba, ɗan matso gaban ƙofar nan ka yi tagumi," to ya shiga sana'ar masu wasan kwaikwayo, ko da kuwa talaucin dattijon na gaske ne. Ban da wannan, magidanci a ƙasar Hausa ba abin da yake roƙon Allah kamar rufin asiri. Tausayin da jarida ta samu daga masu karatu, da tonon asirin wannan bawan Allah aka saye shi, kuma surukansa ma suna ganin jaridar.

4.2 Hoton Dagwalon Masana'antu

Wannan hoto ya fi na farko wuyar sha'ani, don haka tilas a ɗan tsaya a kansa. Ruwan da masana'antun Bompai suke zubarwa yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, daga nan ya gangara dam ɗin Wasai. Na Sharaɗa yana bin rafin Salanta, shi da na Challawa su faɗa Kogin Challawa, kogin da birnin Kano ya daɗe yana ɗibar ruwan famfo daga gare shi. A gefen waɗannan rafuka akwai masu noman rani da ke shuka latas da kabeji da karas da alayyafo, su kai kasuwannin birni. Ke nan maganar ta shafi cikin kowa, ba ta mazauna bakin lambatu kaɗai ba ce.

Babban tushen matsalar shi ne masana'antun jima. Majemin gargajiya, irin na Ƙofar Wambai, da bagaruwa yake jeme fatarsa. Kamfanin zamani kuwa yana tuge gashi da sinadarai masu ɗoyi, sa'an nan ya jeme da gishirin kuromiyam, abin da ya saura kuma ya bi ruwa. Mai ɗaukar hoto idan ya isa wurin, abu biyu ne suka fi ƙarfinsa. Wari, wanda shi ne ya fi damun mazauna wurin dare da rana, ba ya ɗaukuwa a hoto. Kuromiyam da dalma kuwa, da zarar sun narke cikin ruwan kogi ko sun shiga ganyen latas, ido ba ya ganinsu, sai an kai ɗakin gwaji. Abin da ya rage masa shi ne launi. Sai ya nemi inda ruwan ya fi ja ko shuɗi ko baƙi, inda kumfa ta fi taruwa, ya durƙusa ya matso da kyamara har lambatu mai faɗin taku biyu ya cika hoton kamar kogi. Yana da kyau a lura cewa jaridun da, irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo da Albishir, galibi da fari da baƙi suke buga hotunansu, kuma a irin wannan bugu dagwalo ba shi da bambanci da kwatar bayan gida. Bugu mai launi ne ya ba shi ƙarfin da yake da shi.

Illar dogaro da launi ta kasu biyu. Mai kallo zai ɗauka cewa ruwan da ya fi muni a ido shi ya fi cutarwa, alhali launin yana iya zama na rini kawai. Zai kuma ɗauka cewa inda ruwa ya yi garau can ƙasa da masana'anta an kuɓuta, alhali ƙarafan suna nan kwance cikin laka. Watau hoton ya tsorata mutane a kan gaskiya, amma ya nuna musu ita a inda ba nan ta fi yawa ba. Wanda kuma yake ɗaukar nauyin hoton ba mai kamfanin ba ne, domin shi yana bayan katanga, maigadi ba ya barin kyamara ta shiga. Fuskar da take fitowa ita ce ta manomin da ke ban-ruwa da ɗan injinsa, ko ta yara masu wanka. Ta haka wanda aka cuta yake komawa kamar shi ne mai cutarwa, shi ne kuma kayan lambunsa za su iya yin kwantai.

4.3 Inda Magudin Yake

Idan aka ce magudi, abin da ya fi zuwa zukatan mutane shi ne taɓa hoto da kwamfuta. Misalin da ya shahara shi ne na Adnan Hajj, wanda ya ƙara hayaƙi a hoton birnin Beirut cikin watan Agusta na 2006, kamfanin dillancin labarai na Reuters ya raba gari da shi, ya kuma janye hotunansa 920. Irin wannan yana da sauƙin kamawa, domin akwai hoton asali da za a gwada. Wanda ya fi haɗari shi ne na biyu. A watan Yuli na 2010 wata tankar mai ta yi bindiga a garin Sange na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, mutane fiye da 200 suka ƙone. Hotunan gawarwakin sun yi shekaru suna yawo a intanet da sunan wai Kiristoci ne Musulmi suka ƙona a Nijeriya. Ba a canja kome a jikin hotunan ba, layi guda kawai aka rubuta a ƙarƙashinsu. Marubuciyar nan ta Amurka, Susan Sontag, ta ja hankali ga wannan ƙarfi na rubutun ƙasan hoto a littafinta na 2003 a kan hotunan yaƙi.

Hotunan masana'antun Kano ba su kai ga zub da jini ba, amma hanyar da ake iya ɓata su wannan ce. Hoton da aka ciro daga ma'ajiya aka buga ba tare da shekara ba, ko wanda aka rubuta wa "wata masana'anta a Kano" kawai, ya toshe hanyar bincike. Ba mai iya zuwa ya duba ko ƙofar tana nan a kulle, ko lambatun na Bompai ne ko na Sharaɗa, kuma hukumar da ke kula da muhalli tana iya cewa tsohon hoto ne, ba wanda zai ƙaryata ta.

Akwai kuma wani abu da ba a cika kula da shi ba, wato hotunan nan biyu suna karo da juna. Na kwado yana cewa masana'antu sun mutu, a tashe su. Na dagwalo yana cewa suna raye, har suna zuba guba, a hukunta su. Mai karatu yakan ga ɗaya wannan mako ya yi tausayi, ya ga ɗayan bayan wata guda ya yi fushi, ba tare da an nuna masa cewa abu guda yake kallo ba. Kamfanin jimar da za a buɗe don dattijon nan ya koma aiki, shi ne zai ƙara wa Salanta launi, muddin ba a tilasta masa tace ruwansa ba. A gida ɗaya ma ana iya samun wa yana leburanci a kamfanin fata a Challawa, ƙane yana noman rani a bakin kogin. Hoton da zai haɗa waɗannan biyu yana bukatar mai ɗaukar hoto ya yi kwanaki yana zuwa wurin, ya san mutanen, ya nemi yardarsu, ya rubuta rana da wuri, edita kuma ya ba shi fili fiye da kusurwar shafi.