Ginin Ƙasa Ya Koma Aji, Saura Unguwa

A 'yan shekarun nan, malaman zanen gine-gine da masu ba hukumomi shawara kan gidaje masu sauƙin kuɗi sun waiwayi ginin ƙasa, wanda muka daɗe muna yi wa kallon tambarin talauci. Francis Kéré, da ya fara da makarantar firamare ta jar ƙasa a ƙauyensu Gando na Burkina Faso a 2001, ya ci lambar yabo ta Pritzker ta zanen gine-gine a 2022. Mariam Issoufou ta Nijar, mai koyarwa a jami'ar ETH da ke Suwizalan, ita da abokan aikinta sun gina gidajen Niamey 2000 da bulon ƙasa da ake matsewa da inji, ga kuma masallaci da ɗakin karatu na Dandaji.

Abin ya yi mini daɗi. Ɗakin bulo da kwano a watan Afrilu tanda ne, alhali katangar ƙasa mai kauri shanye zafin rana take yi, ba ta sakinsa sai dare. Kuɗin siminti kuwa kullum sama yake yi.

Sai dai ina da ja. Ɗalibi yakan gama karatu ya iya zana soro mai ban sha'awa a kwamfuta, amma bai san ƙasar da ke yin tubali mai ƙwari ba, bai san yadda ake jiƙa makuba ba, balle inda za a sa indararo don kada damina ta ci gindin gini. Wannan ilimi yana hannun tsofaffin magina, su kuwa ƙarewa suke yi ba magada.

Hassan Fathy, mai zanen gine-gine na Masar, ya gane haka tun a shekarun 1940, shi ya sa ya ɗauko maginan Nubiya suka gina Sabuwar Gurna kusa da Luksor. Duk da haka akasarin mutanen da aka gina dominsu suka ƙi tarewa, domin hukuma ce ta so tashinsu, ba su suka nema ba. Kyan gini bai isa ba.

Don haka duk mai koyar da wannan fanni ya kawo Sarkin Magina aji, ya tura ɗalibai su kwaɓa ƙasa da ƙafarsu. Mai ba da shawara kuma ya fara da tambayar mai gida da matarsa: ina za a sa zaure, ina madafa, nawa yaɓe zai ci duk shekara? In malamin firamare ba zai iya gina gidan da albashinsa ba, a daina kiransa mai sauƙin kuɗi.