Mai Bin Salsalar Kalma

Akwai wani tsohon malamin Turanci a unguwarmu da ba ya gaggawar ɗauko ƙamus. In ya ci karo da baƙuwar kalma a jarida, sai ya tsura mata ido kamar mahauci mai laluben gaɓa, ya raba ta: ga kai, ga gangar jiki, ga wutsiya.

Ɗauki malaria. A wurinsa kalmomi biyu ne na Italiyanci, mal da aria, wato muguwar iska, don mutanen da sun ɗauka tururin fadama ke kawo zazzaɓi, kafin Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro a 1897. Wanda ya riƙe mal ɗin nan, malnutrition da malpractice ba za su ba shi tsoro ba. Duk wanda ya yi karatun sarfu a zaure ya san dabarar: ilimi, malami da ulama ai tsatso ɗaya ne.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne sanin muhallin kowace kalma. A 1066 Wiliyam na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada, Latin kuwa na hannun malaman coci, talaka yana ta Turancinsa a gona. Shi ya sa sau da yawa abu ɗaya ke da suna uku, kowanne da rigarsa. Abokinka zai yi maka ask, lauya ya yi maka question, in kuwa aka kai ga interrogate, to, ka kwana a ofishin 'yan sanda. Masu haddace dogayen kalmomi don burga a nan suke tuntuɓe, sai ka ga an sa babbar riga an shiga kasuwar kifi.

Dabarar tana da tarko, malam kuma ya san shi. Ka ga gaɓar "in-" a goshin invaluable ka zaci abu ne marar daraja, alhali nufinta darajarsa ta wuce a yi mata kuɗi. Saboda irin wannan ne, bayan ya gama hasashe, yake buɗe ƙamus ya tabbatar, ya karanta jimlolin misali, ya rubuta ɗaya tasa a ɗan littafin aljihu.

Ran da aka gaya masa babban ƙamus na Oxford ya shigar da Kannywood a 2020, dariya ya yi, ya ɗaga yatsa biyu ya ce, "Kan Kano ne, wutsiyar Hollywood."