Ku bar wa kwandon shara kamanninsa

Ƙannena masu shagunan kwamfuta na Bodinga da Shagari, yau da ku nake. Wannan yayin da kuka ɗauko na cire 'yan alamomin da ke fuskar kwamfuta kuna maye su da fuskokin jaruman shirye-shiryen talabijin ya fara ɓata mana rai. Mutum ya zo shago zai buga takardar neman aiki, a ba shi kujera, ya duba fuskar na'ura ya rasa inda Word yake, saboda an cire shuɗin tambarinsa an liƙa Kamaye na Daɗin Kowa. Inda ya kamata ya ga Chrome sai ya ga Umar Hashim na Izzar So. Foldar takardun mutane ta koma Baba Ɗan Audu na Labarina, kwandon shara kuma an ɗora masa Bawa Maikada, wai don shi ne mugun gwamna a Kwana Casa'in. Idan ka yi magana sai yaron shago ya ce da kai, “Yaya, ai ni na san kowanne.” To kai ka sani, mu da muka biya kuɗin zama fa?

Kada wani ya ce ƙin finafinan nake yi. Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014 ta ba mu abin da muka daɗe muna nema, wato shiri mai dogon zango da harshenmu, da mutanen da suka yi kama da na unguwarmu. Labarina na Aminu Saira ya sa gidaje da yawa sun riƙa jiran mako ya zagayo. Duk wanda ya ga yadda ake cika wajen masu tura finafinai a waya ranar kasuwa ya san irin son da ake yi wa waɗannan shirye-shirye. Wannan so ne ya gangaro har fuskar kwamfuta, na gane. Amma so daban, aiki daban.

Waɗannan 'yan alamomi ba don ado aka yi su ba tun asali. Lokacin da kamfanin Apple ya fito da Macintosh a 1984, wata mai zane da ake kira Susan Kare ce ta zauna ta tsara su a cikin ɗan fili mai ɗigo 32 a tsaye da 32 a kwance, kuma burinta shi ne wanda bai taɓa taɓa kwamfuta ba ya kalli hoto ya gane aikinsa. Kwandon shara ya yi kama da kwandon shara, takarda ta yi kama da takarda. Sama da shekara arba'in ke nan duniya na tafiya a kan wannan fahimta, har ta kai wanda ba ya jin Turanci ko kaɗan yana iya sarrafa na'ura da ido kawai. A wajenmu ma aka fi bukatar haka, domin yawancin masu shigowa shagonku ba rubutun da ke ƙarƙashin alamar suke karantawa ba, siffar suka haddace. Ka ɗauka an bi hanyar Sakkwato zuwa Jega an tuge allunan da ke nuna Bodinga da Shagari da Tambuwal, aka kafa hotunan 'yan wasa a madadinsu. Direban da ya saba zai wuce abinsa, baƙo kuwa sai ya yi ta tsayawa yana tambaya.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne ɗalibai. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma yaran da ke fitowa daga ƙauyukan Sifawa da Danchadi da kewayen Shagari, da yawansu a irin shagunanku suke fara ɗora hannu a kan maus. Yaro ya yi makonni yana koyon cewa idan ya danna fuskar Sumayya ta Labarina ne abu ke buɗewa, ran da ya zauna gaban wata na'ura a cikin birni ya ga baƙin abubuwa, dole gabansa ya faɗi. Kun karɓi kuɗin iyayensa don ku koya masa kwamfuta, kun koya masa taku ku kaɗai.

Sannan mu zo kan kyan da ake taƙama da shi. Ina kyan yake? Hoton da aka ɗauka don babban allo an matse shi cikin ɗan murabba'in da bai kai farcen babban yatsa ba. Fuska ta dagule, ba ka bambance Presido da Mahmud na Labarina sai ka kai ido kusa. An jera irinsu talatin a kan hoton bango wanda shi ma cike yake da wasu fuskokin, ido ya rasa inda zai sauka. Mu da muka fito daga ƙasar da dukawa ke yi wa jar fatar akuya ado da lissafi, inda mai ɗinkin hula ya san inda zai cika zare da inda zai bar fili ya huta, bai kamata a ce wannan cunkoso ne gwanintarmu ba. Kuma duk shagon da ka shiga hotunan ɗaya ne, daga filas ɗaya aka kwafo, kowa na cewa nasa salon ne.

A waya abin ya fi muni ta wani gefen. Manhajojin kyauta da ake saukewa don sauya alamomi a Tecno da Infinix da itel yawanci tallace-tallace ne cike da su, suna shan data suna cinye caji. A garin da mutum ke biyan kuɗi kafin a cika masa batir a wajen mai janareta, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Na yarda da abu guda, ko da ba da son raina ba. Yaron da ya iya yanke hoto, ya mayar da shi irin fayil ɗin da Windows ke karɓa, ya shiga ya sauya alamar da kansa, ya koyi abin da ba a koya masa a aji ba, kuma gara fuskokin namu da na 'yan Indiya da Turkiyya. Yayin ma ba mu muka fara shi ba, domin tun zamanin Windows 95 matasan Amurka ke cika na'urorinsu da hotunan shirye-shiryen da suke so. Sai dai su a na'urar ɗakinsu suke yi.

Saboda haka kwamfutarka ta kanka, wadda ba mai taɓawa sai kai, ka sa duk zuriyar shirin Gidan Badamasi a kai, ba ruwan kowa. Ta shago kuwa ta jama'a ce muddin kana karɓar kuɗi a kanta. Idan lallai sai an yi ado, ga hoton bango nan, ka zaɓi guda mai kyau ka sa, ka tattara alamomin gefe guda yadda suka zo. Masu shago kuma ku riƙa leƙa abin da yaranku ke yi wa na'urorin idan kun fita, domin mu da muke zuwa buga takarda mun fara tambayar juna wane shago ne bai shiga wannan yayi ba.