Kalmomin Haraji da na Sarauta a Cikin Kitabul Farƙ

Littafin nan Kitabul Farƙ, wanda ake jingina wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda kuma M. Hiskett ya buga da fassararsa ta Ingilishi a 1960, ya fito ne daga rikicin mulkin da ya kai ga jihadin 1804. Da Larabci aka rubuta shi, amma sa'ad da mawallafin ya zo lissafa zaluncin sarakunan Haɓe, sai ya kawo sunayen abubuwan da Hausa: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwa. Haka ya yi da sarautu irin su galadima da ubandawaki. A maimakonsu ya tsara mulki bisa ma'aikata huɗu, watau waziri, da alƙali, da shugaban 'yan doka, da mai tara haraji.

Wannan rabon harshe shi ne abin lura. Hausa ta ɗauki abin da ake zargi, Larabci kuwa ya ɗauki abin da ake so a kafa. Wanda ya tsaya ga littafin kaɗai zai zaci tsofaffin kalmomin sun mutu da faɗuwar Alƙalawa a 1808. Ba su mutu ba. Waziri ya shigo fada, lalle, amma Galadima bai fita ba, har a Sakkwato kanta. Jangali ma ya daɗe, Turawa suka gaje shi, aka kuma soke shi a jihohin Kano da Kaduna a 1979. Saboda haka ya kamata malamin da ke koyar da littafin ya nuna wa ɗalibai cewa ra'ayin mulki ne ke cikinsa, tsarin da aka yi nufi. Yadda aka gudanar da shi kuwa, sai a neme shi a sunayen sarautun da suka wanzu.