Kiɗan Gado a Zangunan Accra: Yana Raye a Biki, Ba Ya Cikin Faifai

Duk shekara a Amurka ana fitar da tarin kundayen waƙa a ƙarƙashin sunan Amerikana, wato kiɗan da ya tsiro daga waƙoƙin karkara, na coci da na bayin da aka kwasa daga Afirka. Wannan kasuwa ba da kanta ta kafu ba. A 1999 masu harkar suka kafa ƙungiyarsu a Nashville, a 2010 kuma aka fara ba da kyautar Grammy ta musamman ga wannan rukuni. Kiɗan kakanni ya samu rumfa, ya samu dillalai, ya samu masu saye.

Abin da ya fi jan hankalin Bahaushe a labarin shi ne banjo. An daɗe ana ɗaukarsa kayan kiɗan fararen ƙauye, alhali bayi ne suka fara haɗa shi da ƙwarya da fata, irin yadda suka baro a gida. Masana na lissafa gurmi da molo cikin danginsa na Afirka ta Yamma. Rhiannon Giddens da ƙungiyarta ta Carolina Chocolate Drops sun maido da wannan tarihi da kundinsu na 2010 wanda ya ci Grammy, kuma ita ce ta kaɗa banjo a kundin Cowboy Carter na Beyoncé a 2024. Jika ya yi suna a duniya. To ina kakan?

A Accra, amsa mafi kusa tana hannun Farafara na arewacin Ghana. Kologonsu ƙwarya ce da aka rufe da fatar akuya, da sanda, da tsirkiya biyu kacal. Makaɗi na dukan tsirkiyar da ƙarfi har fatar ta amsa, sai hannu ɗaya ya ba da amo da ganga a lokaci guda. Duk wanda ya san garaya zai gane ɗan'uwanta ne. King Ayisoba, mutumin yankin Bongo, ya sauko kudu da wannan ƙwarya, ya fitar da Modern Ghanaians a 2006, a shekarar da ta biyo baya kuma wata waƙa daga ciki ta zama gwarzuwar shekara a gasar mawaƙan Ghana. Daga baya kamfanin Glitterbeat na Turai ya fitar masa da 1000 Can Die a 2017 da Work Hard a 2023.

Ƙarfin waɗannan kundaye shi ne ba a mayar da kologo ado ba. Ko da an sa na'ura, ko an gayyato baƙi irin su Lee Perry na Jamaika da Orlando Julius na Nijeriya, ƙwaryar ce ke jan ragama, muryar kuma na nan da kaushinta, tana faɗa da shugabanni da masu zalunci. Rauninsu kuwa a kasuwa yake: inda aka buga faifai, can ake sayensa, kuma wanda ya zuba kuɗi yana da baki a kan abin da za a ji. Ɗan dako a kasuwar Agbogbloshie ta Accra, wanda irin rayuwarsa ake rerawa, a waya yake tsintar waƙar, ba shi ne aka yi wa kwalin ba.

Mu kuwa mutanen zango ko wannan matakin ba mu taka ba. Ba don babu kiɗa ba. A Sabon Zango, Nima da Mamobi, ranar aure ko suna ana kafa rumfa a kan titi, a jera kujerun roba, mata su fito da anko. Maroƙi ya ɗaga murya yana jero asalin uwar biki, daga mahaifinta har garin da kakanta ya taso da fatauci, mai kalangu na matse tsarkiya a hammata yana maimaita kirarin, ana manna musu sidi a goshi. Tun a 1997 Deborah Pellow ta yi rubutu a kan waɗannan maroƙan Accra da yadda sana'arsu ta rataya a bukukuwan mata. A nan matsalar take. Waƙar liƙi ta mutum ɗaya ce a yini ɗaya. Da an naɗe rumfa ta tafi. Makaɗin da ke samun abinci a take bai ga dalilin biyan kuɗin sutudiyo ba. Yanzu kuma manyan lasifika sun cinye rabin filin da waƙoƙin Ali Jita da Hamisu Breaker daga Kano.

Matasa ma wata hanya suka bi. Ƙungiyar VIP ta taso ne daga Nima, ta girgiza Ghana da Ahomka Womu a 2003, tana cuɗa Hausar zango da Twi. Sun ɗaga sunan unguwa, amma harshen suka ɗauka, suka bar goge da kalangu a baya. Akwai kuma tsohon kallon da ake yi wa roƙo a matsayin sana'ar ƙasƙanci, wanda ke hana ɗan makaɗi gadon ubansa.

Masu cewa faifai na kashe armashin kiɗan gargajiya suna da tasu gaskiyar, domin kirari ba ya daɗi sai mai shi na tsaye. Amma da ba a naɗi Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos ba, da me za mu nuna wa 'ya'yanmu? Zango kuwa wuri ne da ba shi da tabbas: a 2021 aka rushe kasuwar gwangwan ta Agbogbloshie, aka kwashe 'yan albasa zuwa Adjen Kotoku. Idan jama'a suka watse, waƙar da ke bakinsu kaɗai takan bi su.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba. Sarakunan zango, gidajen rediyo masu shirin Hausa da attajiran da ke liƙi su haɗa hannu a naɗi dattawan makaɗa da kyakkyawan sauti, a rubuta sunan kowa da asalin kowace waƙa, haƙƙin mallaka ya tsaya a hannun masu ita. Kuɗin da ake watsawa a babban biki guda zai iya fara wannan aiki, kuma dattawan da za a naɗa ba za su jira mu har abada ba.