Addu'ar Ubangiji, Ma'aunin Roƙon Kirista

A majami'u da dama na Jos da Kaduna da Yola, an saba auna ƙarfin addu'a da tsawonta da kuma amon muryar mai yin ta. Wanda ya kwana yana roƙo har muryarsa ta dushe, shi ake ganin ya iya. Addu'ar Ubangiji kuwa, wadda Yesu ya koya wa almajiransa da bakinsa, sau da yawa a ƙarshen sujada ake karanto ta, a gurguje, kafin a sallami jama'a. A ganina an kifa al'amarin ne. Wannan gajeriyar addu'a ita ce sikelin da ya kamata a ɗora kowane roƙo a kai.

Hujja ta farko tana cikin tsarinta. A Matiyu sura 6, kafin Yesu ya kawo ta, sai da ya ja kunnen masu addu'a don a gan su, da masu tara kalmomi da zaton yawan magana ne ke sa a saurare su. Roƙo uku na farko duk na Allah ne: sunansa, mulkinsa, nufinsa. Bayan nan ne ake zuwa kan abincin yini, gafara, da kariya daga mugun. Mai roƙo yana fara daidaita son ransa da na Ubangijinsa kafin ya buɗe baki kan bukatarsa, ita ma bukatar ta yini guda ce. Abin lura kuma, cikin roƙe-roƙen nan duka, a kan gafara kaɗai Yesu ya koma ya yi ƙarin bayani, ya ɗaure gafarar Allah da gafarar da mutum ke yi wa ɗan'uwansa.

Ikkilisiyar farko ta riƙe wannan da muhimmanci. Littafin Didake, ɗaya daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen Kirista bayan Sabon Alkawari, ya umarci masu bi su yi ta sau 3 a rana. Wajen shekarar 200, Tatuliyan na Kartaj ya ɗauke ta a matsayin taƙaitawar bishara baki ɗaya. Wajen 412 kuma, Agustin na Hippo ya rubuta wa Proba, wata gwauruwa mai dukiya da ta tsere daga Roma bayan an washe birnin a 410, ya nuna mata cewa duk roƙon da ya dace yana ƙunshe cikin wannan addu'a. Ya ba ta misalin masu zuhudu na Masar, waɗanda addu'o'insu gajeru ne amma akai-akai, don kada hankali ya watse.

Mai kare kwanan addu'a zai ce ai Yesu da kansa ya kwana yana addu'a a kan dutse kafin ya zaɓi manzanni 12, ya kuma ba da misalin gwauruwar da ta dami alƙali har ya biya mata bukata. Gaskiya ne, kuma Agustin bai musa ba. Ya dai raba yawan surutu da ɗorewar marmari. Laifin ba ya ga tsawo, yana ga zaton tsawo zai tilasta wa Allah. A Getsamani Yesu ya maimaita roƙo guda har sau 3, ba a ɗauke masa ƙoƙon wahala ba, amma babu Kiristan da zai ce addu'ar nan ta faɗi ƙasa banza. A kan Dutsen Karmel ma, annabawan Ba'al ne suka wuni suna ihu. Roƙon Iliya bai wuce 'yan jimloli ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi yana fitowa ne daga waɗanda aka zalunta. A 2014 aka sace 'yan matan Chibok, akasarinsu 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, a shekarar kuma aka mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi. Da wane baki za a ce wa uwar da ta rasa 'yarta ta yi gafara kafin ta roƙa? Tambaya ce da ba ta karɓar amsar gaggawa. Sai dai Littafi Mai Tsarki bai hana ta kuka ba: Zabura cike take da koke, wani ma da zafi ƙwarai, gwauruwar misalin nan kuma haƙƙinta take nema a gaban alƙali. Neman adalci yana da gurbi a cikin roƙon zuwan mulkin Allah. Abin da ba shi da gurbi shi ne mayar da addu'a makamin ramuwa, irin wadda ake ji a wasu tarurruka inda ake kiran wuta a kan maƙiya da sunayensu. Yakubu da Yohanna sun taɓa neman izinin yin haka a kan wani ƙauyen Samariyawa da ya ƙi karɓar Yesu, a Luka sura 9, Yesu kuwa ya juya ya tsawata musu.