Jini Ɗaya, Hanya Biyu: Sharhi a Kan "Leaves of Grass"

A Kwatano ba a wasa da tagwaye. Mutanen Fon sukan sassaƙa ɗan gunki idan ɗaya ya rasu, uwa ta riƙa yawo da shi. Hausawan Zongo kuwa sukan ce Hassan da Husaini ba a shiga tsakaninsu. Shi ya sa fim ɗin "Leaves of Grass", wanda Tim Blake Nelson ya shirya a Amurka a 2009, ya cancanci mu dube shi da kyau.

Edward Norton ne ya fito a matsayin tagwayen duka. Bill malamin jami'a ne da ya guje wa gida, har ya sāke harshensa domin kada a gane asalinsa. Brady kuwa ya zauna a jihar Oklahoma yana noman wiwi, bashin wani dillali ya yi masa katutu. Sai ya aika da ƙaryar cewa ya mutu. Bill ya zo jana'iza, ya tarar ana so ne a gan shi a gari a ɗauka Brady ne, shi kuwa Brady ya tafi wurin dillalin, inda aka zub da jini.

Fim ɗin ya yi gaskiya a abu guda: mai wannan sana'a ba ya faɗuwa shi kaɗai, sai ya jawo ɗan'uwansa. Dariyar farko takan koma kuka, kuma haka abin yake a rayuwa.

Amma ga inda ya kāsa. An nuna Brady mai basira, mai ban dariya, ba a kuwa nuna mana ko mutum guda da hayaƙinsa ya lalatar ba. Wanda ya san yadda taramol ke cin samari masu dako da 'yan zemijan a kewayen kasuwar gwanjo ta Missèbo zai ga wannan giɓi nan take.

Sulhun ma ya zo a makare. Brady ya ɗauki laifin kisa a kansa domin ya kuɓutar da Bill, sa'an nan ya mutu. A Farawa sura 33, Yakubu da Isuwa sun rungumi juna da ransu bayan shekara 20. Ɗan'uwa mai karatu, idan akwai wanda kuka yi hannun riga da shi, kada ka jira sai an aiko maka da saƙon mutuwa.